Yadda Ake Gano Abin da Ya Ɓata Saitin Bindigar Farauta ta .22

Maharbin da ya saba zuba harsashi biyar a wuri guda da ƙaramar bindigarsa ta .22, ranar da ya ga hudojin sun warwatsu a kan takarda, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne bututu ya ƙare. Wannan zato kusan kullum kuskure ne, domin harsashin .22 LR (wato Long Rifle, irin harsashin da wannan bindiga ke ci) dalma ce mai taushi wadda albarushi kaɗan ke turawa, kuma bututun da ake kula da shi yakan harba dubun-dubatar harsasai bai gaji ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma dalilin yawanci ƙarami ne: noti ya kwance, ko datti ya taru a gurbin da ido ba ya kaiwa, ko an canja harsashi, ko kuma shi maharbin ne ya sauya riƙo bai sani ba. Hanyar gano shi guda ce, wato a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a harba, a rubuta abin da aka gani, sannan a matsa zuwa na gaba. Wanda ya wanke bututu, ya ɗaure notuna, ya sauya madubin saiti da ake ɗorawa a kan bindiga duk a rana ɗaya, ko da bindigar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, kuma ranar da ciwon ya dawo daga farko zai sake lalube.

Yana da kyau a fara sanin halin harsashin kansa. Ana kiransa rimfaya ne saboda sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin lanƙwasar gefen gindin kwanso, ba a tsakiya ba, kuma allurar bindiga tana matse wannan gefen ne har wuta ta tashi. Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da .22 LR a 1887, kuma har yau sigarsa ba ta sauya sosai ba: kan harsashin kaurinsa ɗaya da na kwanso, kuma an shafe bayansa da kaki ko maiƙo. Tun da ba a sake cika kwansonsa kamar na manyan bindigogi, maharbi ba shi da ikon gyara harsashi ya dace da bindiga, sai dai ya nemo wanda bindigar ke so. 'Yan'uwansa, .22 WMR da Winchester ya fitar a 1959 da .17 HMR da Hornady ya fitar a 2002, kawunansu na da rigar jan ƙarfe kuma sun fi gudu, amma yawancin matakan da ke tafe sun shafe su su ma.

Kafin ka taɓa kowane noti, ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya rufe gindin bututu, ka leƙa mazaunin harsashi da ido, ka kuma taɓa da yatsa ka tabbatar babu kome a ciki. Gwajin harbi kuwa sai a filin da doka ta yarda, inda akwai tudun ƙasa a bayan takarda, domin wannan ɗan harsashin da ake rainawa yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle idan ya bugi dutse ko ruwa.

Mataki na farko: a auna matsalar

"Ba ta saiti" magana ce da ba ta kai mutum ko'ina sai an mayar da ita lamba. Ka kafa takarda a mita 50, ka zauna a tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, ka ɗora gaban katakon bindigar a kan buhun yashi, ka sa wani ƙaramin buhu a ƙarƙashin gindinta. Ka zaɓi safiya ko yamma da iska ta kwanta. Ka harba biyar-biyar sau biyar da harsashi iri ɗaya daga kwali ɗaya, kowane biyar a kan ɗigonsa. Harbi uku ba ya isa shaida, domin sa'a kaɗai na iya haɗa huda uku wuri guda, haka nan rukuni ɗaya mai kyau ba ya wanke bindiga daga zargi.

Awon kowane rukuni shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar hudoji biyu da suka fi nisa da juna. Hanya mai sauƙi ita ce a auna daga gefen waje zuwa gefen waje, sannan a cire kaurin harsashi, wato kimanin milimita 5.6. Bindigar farauta mai lafiya da harsashi mai kyau takan tara biyar cikin santimita 1.5 zuwa 2.5 a wannan nisa, kuma wannan ya isa ga kan zomo ko kurege. A bayan kowace takarda ka rubuta rana, da irin harsashi, da yanayin iska, da abin da ka taɓa kafin harbin. Waɗannan takardu su ne za su yi maka alƙalanci daga baya, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fara cakuɗa gwajin jiya da na shekaranjiya.

Ka kuma bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Idan hudojin suna tare amma sun kauce daga inda ka auna, wannan saiti ne ya gusa, kuma murɗa madubi zai dawo da shi, ko da yake dole ka tambayi abin da ya gusar da shi. Idan kuwa hudojin sun watsu, murɗa madubi ba zai amfana da kome ba.

Siffar watsuwar tana faɗin abubuwa da yawa ga mai karatun takarda. Hudojin da suka jeru sama da ƙasa sukan nuna bambancin gudu tsakanin harsasai, ko raunin bugun allura, ko katako da ke danna bututu, ko numfashin maharbi. Waɗanda suka jeru hagu da dama sukan nuna iska ko fizgar kunama. Idan rukuni ya rabu gida biyu, uku nan biyu can, to wani abu yana motsi tsakanin wurare biyu, kuma noti ko madubi ne za a fara tuhuma. Huda mai tsayi kamar ramin makulli kuwa alama ce ta harsashi ya isa takarda a karkace, kuma wannan batun bututu ne ko na harsashin da ya yi wa bututun nauyi.

Mataki na biyu: maharbi da abin da ya jingina a kai

Babu mai son a ce laifinsa ne, amma wannan gwaji shi ya fi kowane sauƙi: ka miƙa bindigar ga wani gwani da ka yarda da hannunsa, ya harba rukuni biyu ko uku. Idan ta tara masa, ka huta da kwance-kwance. Harsashin .22 LR a hankali yake tafiya idan aka kwatanta da na manyan bindigogi, saboda haka yana daɗewa a cikin bututu, kuma duk wani motsi da ka yi a lokacin da kunama ta saki yana bayyana a takarda. Ka matsa kunamar sannu a hankali kai tsaye zuwa baya, ka riƙe ta a can, kuma kada ka ɗaga kai har sai ka ga hudar ta cikin madubi. Kuncinka ya sauka a wuri ɗaya a jikin katako kowane harbi, da nauyi iri ɗaya.

Kada bututun kansa ya zauna a kan buhu ko reshe ko wani abu mai tauri, katako ne ake ɗorawa, kuma a gurbi ɗaya kowane lokaci. Ka duba ƙaramin ƙarfen da ake maƙala maɗauri a ƙasan katako, domin idan yana karo da buhu lokacin da bindiga ta ja baya, zai jefa harsashi sama. Ka lura kuma kada bindigar ta karkata hagu ko dama a hannunka, saboda karkatar da ta bambanta daga harbi zuwa harbi tana faɗaɗa rukuni. Iska ma ba abin rainawa ba ce: wadda ke kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa tana iya ture harsashin kimanin santimita 2.5 a mita 50, ta kuma ture shi fiye da santimita 10 a mita 100. Ɗan tsumma da aka ɗaura a sanda tsakaninka da takarda zai nuna maka lokacin da ya dace ka dakata.

Mataki na uku: notuna

A nan ne ake samun mafi yawan laifin, kuma a nan ne gyara ya fi sauri. Ka riƙe bindigar da hannu ɗaya, ka kama madubin da ɗayan ka ɗan jijjiga shi gaba da baya. Ko ɗan motsi kamar kaurin gashi ya isa ya watsa harbi. Yawancin bindigogin .22 suna da siririn layin ɗora madubi na milimita 11 ko na inci 3/8, kuma waɗannan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake a ido sun yi kama. Zoben riƙe madubi da aka yi wa ɗaya yakan kama ɗayan a karkace, sai ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Ka ja layi da fensir a jikin ƙarfe daidai gindin zobe, da wani a jikin madubi daidai bakin zobe, ka harba hamsin, ka sake dubawa. Idan layin ya gusa, ka kama ɓarawon.

Ɗauri ma yana da iyaka. Notunan zoben madubi galibi inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 suke so, kuma wanda ya wuce haka yana iya matse jikin madubin har kayan cikinsa su daina motsi yadda ya kamata. Notunan da suka haɗa ƙarfen bindiga da katako, ka bi abin da littafin bindigar ya faɗa, ka ɗaure su da sukudireba mai awon ƙarfin ɗauri, kaɗan-kaɗan, ka riƙa komawa daga wannan zuwa wancan. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, saboda haka notin da ya yi daidai a lokacin ruwa yana iya yin sako-sako idan iska ta bushe. Wasu bindigogin har sukan nuna suna son wani ɗauri na musamman, kuma ana gano shi ne ta ƙara inci-fam biyu ko uku a harba, muddin ba a wuce iyakar da kamfanin ya sa ba. A Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, notuna biyu ne ke riƙe bututu ta hanyar wani ɗan ƙarfe a ƙasansa, kuma sai an cire katako ake ganinsu. Idan suka kwance, bututun gaba ɗaya yana rawa. Mai amfani da abin rage ƙara, inda doka ta yarda da shi, ya tabbatar ya ɗauru sosai, ya kuma gwada harbi ba tare da shi ba, domin harsashin da ya goga cikinsa ba ya tafiya daidai.

Mataki na huɗu: madubi

Akwai wani ruɗin ido da ake kira faralaks wanda ke damun masu .22 fiye da kowa. Madubin da aka yi wa babbar bindiga an daidaita shi ne a yadi 100, na rimfaya kuwa galibi a yadi 50 ko 60. Idan nisan takarda ya saɓa da wannan, hoton abin da ake auna da gicciyen da ake gani a cikin madubi ba sa zama a shimfiɗa ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka kafa bindigar a kan buhu ta tsaya da kanta, ka leƙa ba tare da ka taɓa ta ba, ka ɗan kaɗa kanka sama da ƙasa. Idan gicciyen yana yawo a kan ɗigon, akwai faralaks. Madubi mai zoben daidaita nisa, sai a murɗa shi har yawon ya tsaya, kuma ido ne abin bi, ba lambobin da aka rubuta a jikin zoben ba. Wanda ba shi da zoben, maganinsa kunci ya riƙa sauka wuri ɗaya.

Daga nan ka gwada ko cikin madubin yana da lafiya. Ka harba uku a ɗigo ɗaya, ka murɗa maɓallin saitin madubi har ya yi ƙas sau 20 sama ka harba uku, 20 dama ka harba, 20 ƙasa ka harba, 20 hagu ka harba, kana auna ɗigon farko a duk tsawon gwajin. A madubin da kowane ƙas ke matsar da harbi rubu'in inci a yadi 100, ƙas 20 zai ba ka kusan santimita 7 a mita 50. Ya kamata hudojin su zana murabba'i, kuma ukun ƙarshe su faɗa kan ukun farko. Idan ba su koma ba, madubin ba ya riƙe saiti. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ka aro madubin da aka san lafiyarsa ka ɗora. A ganina wannan aro ya kamata ya zo kafin duk wani kashe kuɗi, domin madubi yana lalacewa ta ciki alhali bayansa na ƙyalli.

Mataki na biyar: harsashi

Wannan shi ne babin da ya fi faɗi a sha'anin rimfaya, kuma wanda bai yi haƙuri da shi ba ba zai san iyakar bindigarsa ba. Bindigogi biyu na kamfani ɗaya, waɗanda aka ƙera a wata ɗaya, suna iya son harsasai daban, kuma babu mai faɗa maka wanda taka ke so sai takarda. Ka nemi iri biyar ko shida, kwali ɗaya-ɗaya, ka haɗa da na gasa irin na Eley, Lapua, SK ko RWS, da na yau da kullum irin CCI Standard Velocity, da kuma masu huda a baki waɗanda aka yi don farauta.

Gudu yana da hannu sosai. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa a iska mai matsakaicin zafi. Harsashi mai nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) na gudun da aka saba yana fita da kimanin mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, wato yana ƙasa da sauti tun daga baki har takarda. Mai saurin gudu yana fita da mita 370 zuwa 385 ko fiye, ya wuce sauti, sannan ya rage gudu ya faɗo ƙasa da shi a hanya, kuma a wannan ƙetarawar iska na girgiza shi. Shi ya sa masu gasa kusan duka suke harba mai gudun ƙasa da sauti. Mai farauta yana iya zaɓar mai sauri saboda ba ya sauka da wuri, amma sai ya tabbatar a takarda cewa abin da ya samu ya fi abin da ya rasa. A wajena harsashin da ya sauka daidai a kai ya fi wanda ya iso da ƙarfi ya raunata dabba ta gudu da ciwo.

Ga wani abu da yawancin masu gwaji ke tsallakewa. Kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa harsashinsa, kuma wannan kaki yana shimfiɗuwa a cikin bututu. Idan ka sauya iri, harbin farko-farko suna tafiya ne a kan kakin tsohon, sai su watsu, kai kuma ka yanke wa sabon hukuncin da bai cancanta ba. Ka zura busasshen ƙyalle sau biyu ko uku, ka harba goma zuwa ashirin a gefe don bututun ya saba, sannan ka fara ƙirga. Idan ka sami wanda ya dace, ka duba lambar zubi da ke jikin kwali ka sayi mai yawa daga wannan zubin, domin zubi biyu na harsashi mai suna ɗaya suna iya bambanta har a gani a takarda. Idan matsalarka ta fara ne daidai lokacin da ka buɗe sabon kwali, to mai yiwuwa ka riga ka sami amsa.

Ka riƙa sauraron ƙarar harbi. Wanda ya yi sanyin ƙara ya kuma sauka ƙasa, albarushinsa ko sinadarinsa ne bai cika ba. Idan kuwa ƙarar ta yi rauni sosai, ka tsaya nan take, ka fitar da kome, ka leƙa bututu daga baya, saboda harsashi na iya maƙalewa a ciki, kuma harbi a kansa yana kumbura bututu. Harsasan da suka yi yawo a aljihu, kakinsu ya kwashi ƙura ko bakinsu ya lotse, ba na gwaji ba ne. Harsashi mai nauyi sosai kuma, irin mai giren 60, sau da yawa ba ya daidaita a bututun .22 LR da aka saba, wanda zanen cikinsa ke juya harsashi sau ɗaya a inci 16, kuma shi ne ke yin hudar ramin makulli. Bindiga mai matsattsen mazauni na gasa ba a sa mata CCI Stinger, domin kwansonsa ya ɗan fi na sauran tsawo.

Mataki na shida: cikin bututu

Masu .22 sun rabu biyu kan wanki, wasu ba sa wankewa sam, wasu kuma suna gogewa bayan kowace fita. Duka biyun suna da abin da ke cutar da su. Abin da ke faruwa shi ne, daidai inda bakin kwanso ke ƙarewa a cikin mazauni, kunkunniyar albarushi da kaki da ɓurɓushin dalma suna taruwa su daskare su zama zobe mai tauri. Kowane harsashi sai ya matsu ta cikin wannan zobe kafin ya kama zanen bututu, sai ya fita da tabo. Alamominsa sanannu ne: bindigar da ta yi shekaru tana tarawa ta fara watsawa sannu a hankali, sakata ta fara nauyin rufewa, kuma harbin farko bayan ta huta ya riƙa kaucewa nesa da sauran. Ka sa harsashi a mazauni a filin harbi, baki na kallon tudu, ka fitar da shi ba tare da ka harba ba, ka duba dalmar. Idan ka ga zobe ya zanu a jikinta kusa da bakin kwanso, ga shaidarka nan. Mai ƙaramar kyamarar leƙa bututu zai ga zoben baƙi ƙirin da idonsa.

Ana wankewa ne daga baya, bayan an zare sakata, da sanda guda marar gaɓa, tare da abin da ke tsayar da sandar a tsakiya don kada ta goga bango. Ka jiƙa ƙyalle da ruwan wankin da aka yi don kunkunniya, ka tura shi ya tsaya daidai kan zoben, ka bar shi minti goma sha biyar ko ashirin ya jiƙa. Sannan ka sa burushin tagulla ko na roba ka murza a wannan gurbin kaɗai, ka bi da ƙyalle mai tsabta har ya fito fari. Idan burushi ya shiga cikin bututu sosai, kada ka juya shi a tsakiya, sai ya fita ta baki tukuna. Bindigar da ba a iya shiga ta baya, igiyar wanki mai tsabta da ake ja daga mazauni zuwa baki ta fi sanda aminci. Idan ka ga ɓurɓushi mai ƙyalli kamar azurfa a ƙyalle, dalma ce ta manne, kuma sai an maimaita jiƙo da burushi. Lokacin da kake tura ƙyalle mai matsewa, ka saurari hannunka: idan ya yi sako-sako a wani wuri sannan ya sake matsewa, bututun ya kumbura a nan. Bayan wanki ka busar da bututu, ka harba goma zuwa ashirin kafin ka auna, kuma ka wanke hannunka da sabulu saboda dalma guba ce.

Daga nan ka juyo leɓen bakin bututu, wato wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa. Idan gefe ɗaya ya lotse ko ya cinye, hayaƙi zai riga fita ta nan ya ture gindin harsashi. Ka duba da gilashin ƙara girma a cikin haske, ka zagaya bakin da auduga, idan akwai ƙaya za ta kama zare. Bayan harbi da yawa kuma, kaki yakan zana tauraro a fuskar bakin, kuma idan tauraron ya yi daidai ta kowane gefe leɓen lafiya yake. Gyaran leɓe ƙaramin aiki ne a wurin maƙerin bindiga mai lasisi, amma ba aikin zarto ba ne a gida.

Mataki na bakwai: katako, sakata da gidan harsashi

Bututu yana girgiza a kowane harbi, kuma abin da ake so shi ne ya girgiza iri ɗaya kullum. Idan bindigarka irin wadda bututunta bai kamata ya taɓa katako ba ce, ka zura takarda a ƙarƙashinsa ka ja ta daga gaba har gindi. Inda ta tsaya, nan katako ke taɓawa, kuma idan ka cire katakon za ka ga wurin ya yi sheƙi. Ka maimaita gwajin bindigar na zaune a kan buhu, domin idan da roba mai laushi aka yi katakon, gabansa yakan lanƙwashe ya taɓa bututu sai an ɗora masa nauyi. Kafin ka kankare kome, ka sa ɗan siririn kati a ƙarƙashin ƙarfen bindigar kusa da notin gaba don bututun ya ɗaga, ka harba ka gani. Wasu siraran bututu sun fi tarawa idan akwai ɗan matsi a ƙarshen katako, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Bindiga mai zoben da ya haɗa bututu da katako, ka gwada ta da zoben, ka gwada ba shi.

Sakata kuma tana da nata rabon. Tun da allura ce ke matse gefen kwanso, bugun da ya bambanta yana ba da kunnawa da ta bambanta, sai gudu ya bambanta, hudoji su jeru sama da ƙasa. Ka tara kwanso goma da aka harba ka jera su a tafin hannu, ka dubi tabon allura. Ya kamata ya yi zurfi, ya fito sarai, ya zama iri ɗaya a dukansu. Idan wasu sun yi sama-sama, ka kwance sakatar yadda littafinta ya nuna, ka wanke tsohon mai da ya daskare a hanyar allura, ka mayar da ita kusan a bushe, domin mai mai kauri yana rage mata gudu, musamman a sanyi. Ka goge fuskar sakata da gindin bututu inda datti ke hana ta rufewa daidai. Ka duba gefen mazauni ko akwai lotsawa, wadda ke zuwa daga danna kunama ba harsashi, saboda a wasu bindigogin rimfaya allura tana bugun ƙarfen ne kai tsaye idan babu kwanso. Gidan harsashi kuwa, ka gwada shi ta hanyar sa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu har rukuni biyu. Idan harbin ya gyaru, to leɓen gidan yana tura harsashi a karkace yana yanke dalmar, kuma wani gidan zai magance.

Idan ka bi duk waɗannan, takardunka kuma suka nuna babu abin da ya sauya, lokacin maƙeri ya yi. Kumburin bututu, tsatsar da ta ci rami, lotsewar mazauni, tazarar da ta yi yawa tsakanin sakata da gindin bututu, da gyaran nauyin kunama, duk aikinsa ne, kuma kunama musamman ba abin gwaji ba ce, domin wadda aka rage ba bisa ƙa'ida ba tana iya tashi da kanta. Ka tafi masa da takardun da kwanson da ka tara, za su rage masa rabin bincike.

Bayan an gano laifin an gyara, akwai gwaji ɗaya da ya rage wanda ya shafi mafarauci kaɗai. A daji harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne ke da muhimmanci, ba na biyar ba. Ka ajiye takarda guda, kowace safiya ka harba mata harsashi ɗaya tak da bindigar da ta kwana ba a taɓa ba, har kwana biyar, ka ga inda suka taru idan aka kwatanta da rukunin da ka saba. Idan suna sauka wuri ɗaya, ko da ya ɗan kauce, ka mayar da saitinka can. Sannan ka bar tebur, ka harba a zaune, a durƙushe, da jingine a sanda, a mita 25, 50 da 75, ka rubuta yadda harsashin ke sauka a kowane nisa. Nisan da ka iya sa biyar cikin da'irar santimita 3 daga irin tsayuwar da kake yi a daji, shi ne nisan da za ka harbi dabba, kuma abin da ya wuce nan sai ka ƙara matsowa.